Idan Mota Ta Ƙi Tashi: Abin da Ya Kamata Direba Ya Sani Game da Batir

Da wuya a sami direba ko mai mota a ƙasar nan wanda bai taɓa murɗa makulli da sassafe motarsa ta ƙi tashi ba. Galibi abin da ke biyo baya shi ne a ɗora wa batir laifi, a nufi kasuwa a sayo sabo. Sau da yawa kuwa ba a cika mako biyu ba sabon ma ya kwanta, domin tun farko ba a nan cutar take ba. An yi asarar kuɗi ke nan, ga ɓata lokaci, wani sa'i ma har da asarar rai, idan mara lafiya ko mace mai naƙuda ake so a kai asibiti cikin dare. Manufar wannan takarda ita ce a nuna wa jama'a yadda za su gane inda matsalar take kafin su kashe ko kwabo.

Aikin batir a cikin mota

Batir kamar rumbu yake, ajiya kawai yake yi. Gonar da ke cika rumbun ita ce na'urar da ake kira altaneta, wadda fambel ke juyawa muddin inji na aiki. In gona ta daina bayarwa, kome girman rumbu wata rana sai ya ƙare.

Wani masani ɗan ƙasar Faransa, Gaston Planté, shi ya ƙago irin wannan batir a shekarar 1859, kuma har yau tushen aikinsa bai sāke ba: faranta ne na dalma da aka tsoma cikin ruwan asid. Batirin ƙaramar mota yana da ɗakuna 6, kowane yana ba da ƙarfin lantarki bolt 2 da 'yan kai, jimla bolt 12.6 idan ya cika. Manyan motoci da yawa sukan haɗa biyu su sami bolt 24. Dā can da hannu ake wana inji har ya tashi, sai a shekarar 1912 aka fara sa wa motocin Cadillac na Amurka sitata mai aiki da lantarki, wanda Charles Kettering ya tsara. Shi ne makanikai ke kira kik.

Wannan sitata shi ne babban mai ci daga rumbun. Ƙwan babbar fitila ɗaya yakan ja wutar da ba ta wuce amfiya 5 ba, amma sitata yakan ja fiye da amfiya 100 a 'yan daƙiƙun da yake juya inji. Saboda haka kuskure ne direba ya ce tun da rediyo na magana, fitilu kuma na kamawa, batirinsa lafiya lau yake. Ragowar da za ta ciyar da rediyo ba ta isa ta motsa inji ba.

Saurare kafin a taɓa sifana

Mota takan faɗi ciwonta ga mai kunnen ji. Idan an murɗa makulli inji ya juya da kyar, kamar mai jan ƙafa, sa'an nan ya tsaya, batir ya yi rauni. Idan aka ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri, fitilun gaban direba suna dishewa, wuta ce ba ta isa sitata ba, ko dai don batir ya sauka ko don kawunansa ba su kama da kyau ba. Idan kuwa shiru aka ji, ko fitila ɗaya ba ta kama ba, to ko batir ya mutu sarai, ko wata babbar waya ta kwance, ko babban fis ya ƙone. Amma in inji yana juyawa da ƙarfinsa kamar kullum ya ƙi kamawa, sai a ƙyale batir a nemi laifin wajen mai ko fulogi.

Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya bukatar kayan aiki. A kunna manyan fitilu, wani ya tsaya a gaba yana kallo, direba ya murɗa makulli. In hasken ya dushe ƙwarai ko ya ɗauke, matsalar tana ga batir ko kawunansa. In hasken ya tsaya tangaran amma inji bai motsa ba, zargi ya koma kan sitata ko wayoyinsa. Mai mota mai sauya giya da kanta kuma ya tabbata sandar giya tana kan P, domin ba ta tashi a cikin giya.

Kawunan batir

Nan ne ya kamata a fi daɗewa, gama nan ne laifi ya fi yawa, nan ne kuma gyara ya fi araha. Batir yana da kai biyu, ɗaya mai alamar tarawa (+), ɗaya mai alamar ɗebewa (−) wanda wayarsa ke haɗe da jikin mota. Girgizar hanyoyi marasa kyau takan sassauta maɗaurinsu, tururin asid kuma yakan tara musu wani gari fari ko shuɗi-shuɗi mai hana wuta wucewa. Duk kan da hannu zai iya juyawa bai ɗauru ba. Abin da aka saba gani na buga ƙusa ko cusa guntun gwangwani a tsakani, ko dukan kan da dutse, dabarar fita daga daji ce kawai. Wanda ya mai da ita gyara yana iya fasa batirin.

Hanyar da ta dace ita ce a kashe mota, a cire makulli, a fara kwance kai mai alamar ɗebewa, sa'an nan ɗayan. Dalili kuwa, in aka fara da mai alamar tarawa sifana ta taɓa jikin mota, tartsatsi zai tashi mai iya ƙona hannu. A jiƙa kanwa kaɗan a ruwan ɗumi a wanke garin, domin kanwa tana kashe kaifin asid, amma a kiyaye kada ta shiga cikin ɗakunan. A kankare kawunan har ƙarfe ya yi haske, a goge su bushe, a mayar da mai alamar tarawa tukuna, a ɗaure tam, a shafa giris kaɗan a kai. Kada a manta da ɗaya ƙarshen wayar da ke jikin mota, shi ma yakan yi tsatsa.

Idan an yi wannan mota ba ta tashi ba, sai a nemi mai gyaran wayar mota ya sa mita. Batirin da ya huta ya nuna bolt 12.6 cike yake; 12.2 kamar rabi ne. Ƙasa da 12 ya kusa ƙarewa. Bayan inji ya tashi ya kamata mita ta nuna wajen 13.8 zuwa 14.4. In ba ta kai haka ba, altaneta ba ya caji, ko fambel ya saki, kuma sabon batir ba zai yi maganin kome ba. Jar fitila mai hoton batir da ke kamawa ana cikin tafiya wannan gargaɗin take yi.

A batirin da ke da murafu, lalle ne ruwa ya rufe farantan dalma. Sai dai a lura, abu biyu ake kira ruwan batir a kasuwa: akwai asid, akwai kuma tataccen ruwa. Abin da zafi ke ƙafarwa ruwa ne, don haka tataccen ruwa kaɗai ake ƙarawa. Ruwan rijiya, na famfo da na leda duk suna da gishirin ƙasa mai lalata faranta. Zafin bazara ne ke cin batir a ɓoye, amma sai sanyin hunturu ya zo, musamman a wurare irin su Jos, raunin yake bayyana da asuba, sai a ɗora wa sanyi laifin da zafi ya aikata.

Tayar da motar da ta mutu

Mota mai kuloci ana iya tura ta. Direba ya buɗe makulli, ya taka kuloci, ya sa giya ta biyu, in ta ɗauki gudu ya saki. Mai sauya giya da kanta ba ta tashi da turi. A kan babbar hanya kuwa wajibi ne a ajiye alamar gargaɗi mai kusurwa uku a bayan mota kafin a fara kome.

In za a ara wuta daga wata mota, ƙarfin batiran biyu ya zama ɗaya, motocin kuma kada su taɓa juna. Jar waya ta haɗa kai mai alamar tarawa na mataccen batir da takwaransa na mai rai. Baƙar waya ta tashi daga kai mai alamar ɗebewa na mai rai, ɗaya bakinta kuma a maƙala shi a wani ƙarfe na injin motar da ta mutu, nesa da batir. Ana yin haka ne domin batir yakan fitar da iskar haidirojin, wadda tartsatsi ɗaya ke iya tayar da ita. Don haka ma aka hana shan taba ko kunna ashana a wurin. In mota ta tashi a kwance wayoyin daga ta ƙarshe zuwa ta farko. Batirin da ya kumbura, ko ya tsage, ko yake warin ruɓaɓɓen ƙwai, ba a gwada shi ko kaɗan. In asid ya fantsama a ido ko fata, a yi ta kwarara ruwa na tsawon minti 15 ko fiye, a tafi asibiti.

Akwai wata al'ada da ta yaɗu a tashoshin mota wadda ya kamata a bari, watau a tayar da mota da batirin aro, sa'an nan a cire shi inji na aiki a mayar da tsohon. Wasu ma sukan cire kai ɗaya wai don su gwada ko altaneta na caji. Batir ne ke daidaita wutar da altaneta ke fitarwa. Da zarar an cire shi wutar tana iya yin tsalle ta ƙona altanetan kansa, ko kwamfutar da ke sarrafa injin motocin zamani, wadda kuɗinta ya kan ninka na batir.

Tsohon batir

Idan ta tabbata batir ya mutu, a mayar da shi ga dillalin da aka sayi sabo a wurinsa. Kada a ajiye shi a tsakar gida, kada a zubar da ruwansa a kwata, kada kuma a fasa shi don a narka dalmar. Dalma guba ce, ta fi kuma yi wa ƙananan yara illa, domin takan taɓa ƙwaƙwalwa. A wata unguwa da ke bayan birnin Dakar na ƙasar Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda ƙurar dalmar tsofaffin batira da aka daɗe ana fasawa a cikin unguwar.