Yadda ake saita tabarau na duniyar kwamfuta don ka ji muryarka daidai

Wanda ya sa tabarau irin su Meta Quest ya shiga taro ko wasa yakan ji muryarsa ta sauya masa, ko na kusa da shi su ce yana yi musu ihu. Shawarar da aka fi bayarwa, wai a ƙara sautin na'urar, ita ce take daɗa dagula lamarin, domin matsalar ta taso ne daga abin da ya shiga tsakanin bakinka da kunnenka.

Ka fara da ɗaura tabarau ɗin, madaurin ya bi ta saman kunne. Sai ka rage sauti har maganarka ta fi shi fitowa. Tun a 1911 likitan kunne Bafaranshe, Étienne Lombard, ya bayyana cewa mutum yana ɗaga murya ba da saninsa ba idan ƙara ta hana shi jin kansa.

Mataki na uku ne mai wuya: abin da za ka sa a kunne. Muryarka tana iso maka ta hanya biyu, ta iska da kuma ta ƙasusuwan kai. Idan ka toshe kunne da iyafis mai roba, ta iskar za ta ragu, amon da ya biyo ƙashi kuwa ya maƙale a ramin kunne ya yi kauri, sai ka ji kamar kana magana cikin randa. Saboda haka ka bar kunnen a buɗe. Lasifikokin Quest suna jikin hannayen madaurinsa, na tabarau irin Valve Index kuwa suna rataye kusa da kunne ba su taɓa shi, kuma sun isa ga mai yawan magana.

Za a ce sautin yana fita waje, kuma a wuri mai hayaniya ba ya wadatarwa. Gaskiya ne. To ka nemi hedifon mai waya wanda yake mayar maka da muryarka daga makirufonsa nan take. Akwai masu sauƙin kuɗi. Kada ka yarda muryar ta zaga ta Bluetooth ko ta manhajar kwamfuta kafin ta dawo, domin jinkirin da bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba ya isa ya sa mai lafiyayyen harshe in'ina. Ka gwada da kalma gajera kamar "tak". In ka ji ta sau biyu, kashe mayarwar, ka ɗage gefe ɗaya na hedifon daga kunne.