Ina Kifi Yake Kwanciya a Baƙon Ruwa?

Wani mai sauraronmu daga Yebi yana tambaya: idan masunci ya sauka a ɓangaren kogin Komadugu da bai sani ba, ta ina zai fara neman giwan ruwa?

To Malam, kafin ka jiƙa ƙugiya, je ka gaida sarkin ruwan wurin. Shi ya san gurabu, shi ya san inda jami'an tsaro suka hana zuwa, tunda kogin nan iyaka ne da Najeriya.

Sai ka nemi inda kogi ya yi kwana. Gefen da ruwa ke cin gaɓa, nan zurfi yake. Zura doguwar sanda ka ji. In ka tarar da itacen da ya faɗa ciki, ƙananan kifaye na tsalle a firgice da asuba, to babba na ƙasa. Sa masa ƙaramar karfasa mai rai, ba ya kula tana.

Amma kada in ruɗe ka, giwan ruwa ya yi ƙaranci tun farin 1973 da ya janye Tafkin Chadi. Tarwaɗa ce ta yi yawa, ita kuwa bakin ciyawa take bi da daddare, musamman idan ruwa ya fara ja baya wajen Janairu.