Maiƙo a Tantanin Maitokondiriya: Daga Gyaɗa zuwa Lafiyar Zuciya

Bahaushe ya bambanta kitse da mai da maiƙo, kuma galibi ta fuskar abinci yake kallon su. A kimiyyance kuwa, maiƙo kayan ginin jiki ne. Cikin ƙwayar halitta akwai maitokondiriya, mai sarrafa abinci ya koma kuzari. Aikin tantaninta na ciki ya dogara da wani maiƙo, kadiyolifin, wanda Mary Pangborn ta tace daga zuciyar shanu a 1942. Kadiyolifin na zuciya akasarinsa sinadarin linoliyik ne, wanda jiki ba ya haɗawa, sai daga abinci irin gyaɗa da riɗin da ake nomawa a Ɗambatta da Bichi. Idan matsalar gado ta ɓata gininsa, cutar Barth kan raunana zuciya da tsokar yara maza.