Kafin ka sayi mota

Ɗan'uwa, a ce bana Allah ya ba ka. Ka sayar da albasa, ko ka dawo daga bida da ƴan kuɗi a hannu, zuciyarka ta ce maka: sayi mota, ka riƙa ɗaukar mutane da kaya daga Ibohaman zuwa Keita da Tawa. Shawara ce mai kyau. Amma dakata tukuna. Kuɗin da za ka miƙa ranar ciniki, somin taɓi ne. Mota kamar doki take, kullum sai ta ci, ko ta yi aiki ko ba ta yi ba.

Fara da duban hanya. Ƙasar Adar ƙasar duwatsu ce. Akwai hawa, akwai gangara, ga koramu da ke cika da damina su bar rairayi da rani. Ƙaramar mota mai jan ciki a ƙasa, ta birni ce. Dutse ɗaya ya ishe shi ya fasa mata tukunyar mai, injin ya ƙone kafin direba ya farga. Shi ya sa masu jigilar ƙauye suke son bashe mai tsawon ƙafa, irin su Toyota Hilux da Land Cruiser. Kafin su, Peugeot 404 da 504 ne suka yi zamani. Tun 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, saboda haka kayan gyaranta suka wadata a kasuwannin ƙasar Hausa, makanikai kuma suka san cikinta sarai.

Wannan shi ne babban abin lura. Kowace mota tana lalacewa. Mota ta gari ita ce wadda in ta lalace yau, gobe ta tashi. To, kafin ka je wurin dillali, je wurin makaniken da ya fi kusa da kai. Ka tambaye shi: wace mota ka iya gyarawa? Wace ce ake samun kayanta a Tawa, ko Madawa, ko Ƙwanni? Motocin yanzu da yawa kwamfuta ke tafiyar da injinsu. Suna da daɗin tuƙi, ba su shan mai sosai, amma in suka tsaya a daji guduma da sufana ba su tashe su, sai an kai su wurin mai na'ura a birni. Kwana goma mota na kwance, kwana goma ke nan ba ko dala, yaron mota kuwa yana jiran abincinsa.

Yanzu mu yi lissafi, tunda ka iya. Misali ne kawai. Mu ce ga mota biyu. Ta farko sefa miliyan 2, ta biyu miliyan 3. A kowace tafiya ta farko tana shan lita 15, ta biyu lita 10. Mu ɗauka lita dala ɗari ce, wato sefa 500. Bambancin lita 5 ya zama jika biyu da rabi, sefa 2,500. In kana tafiya uku a mako, 7,500 ke nan. A shekara, mako 52, ya kama 390,000. Cikin shekara uku mai arahar ta shanye 1,170,000 fiye da ƴar'uwarta. To wace ce mai tsadar?

Ba mu ma sa kuɗin taya ba, ga shi dutse yana cin taya kamar wuta. Ba mu sa batir da juyen mai ba, da matatar iska wadda ƙurar hunturu ke toshewa. Ga lasuransi, ga binyeti, ga bizit, ga kuɗin tasha.

Farashin waɗannan abubuwa kuma ba a hannunka yake ba. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan gyaran da ake shigowa da su suka yi tsada nan take. A 2023 gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin man fetur, man da ake sayarwa a kwalba a bakin hanya ya hau. A shekarar ne kuma aka rufe iyaka da Benin, hanyar da tsofaffin motocin Turai suka saba biyowa daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Wanda ya zuba duk abin da ya mallaka ranar saye, irin wannan rana ce ke sa shi ɗora mota bisa duwatsu, kaji su mai da ita akurki.

Ranar ciniki kada ka je kai kaɗai. Tafi da makanikenka, ka biya shi ladan yininsa. Ku je da sassafe, a tada injin yana sanyi, don mai wayo yakan ɗumama shi kafin ka iso. Dubi hayaƙi. In shuɗi ne, injin yana ƙona baƙin mai. Zaro sandar awon mai: in ka ga ya yi fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, ka bar ta. Kada sabon fenti ya ruɗe ka. Kwanta ka leƙa ƙarƙashinta, ka nemi tsatsa da alamar walda, domin a Turai ana zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, gishiri kuwa yana cin ƙarfe.

Sai takardu. Nan karatunka zai yi maka rana. Karanta lambar da ke kan karti giri, harafi bayan harafi, ka gwada ta da wadda aka buga a jikin shasi. Ka nemi takardar duwan. In mai mota ya ce takardu suna zuwa, ka ce masa kuɗin ma suna zuwa.