Ga Mai Son Dillancin Fili Ba Shi da Jari

Ɗana, na ji kana son shiga harkar filaye amma aljihu babu nauyi. Kada wannan ya karya maka gwiwa. A Amurka akwai masu ƙulla ciniki da mai gida, su miƙa yarjejeniyar ga wani mai saye, su ci ribar da ke tsakani ba tare da sun biya kuɗin gidan ba. Mu a nan abin da ya fi kusa da haka shi ne dillanci, kuma ya fi tsabta, tunda Shari'a ta hana mutum sayar da abin da bai mallaka ba. Kai dai haɗa mai sayarwa da mai saye, ka karɓi la'adarka da sanin kowa.

Jarinka na farko ƙafarka ce. Tun da Birnin Kebbi ya zama hedkwatar jiha a 1991 gari ke ta miƙewa. Taka Gesse da Badariya da Bayan Kara, ka fita hanyar Kalgo wajen Jami'ar Tarayya. A Argungu ma, kamfanin shinkafa na WACOT da aka buɗe a 2017 ya jawo ma'aikata masu neman muhalli. Ka san kangon da mai shi ya gaji da shi, ka san wanda ke neman kuɗin taki. Ka raɓi wani tsohon dillali mai mutunci, ka riƙe masa igiyar awo ko da shekara guda ce.

Inda na fi ji maka tsoro shi ne gidan gado. Wani zai zo maka da fara'a ya ce nasa ne, alhali akwai ƙanne mata a gidajen aure da ba a ko shawarce su ba. Na ga cinikin da aka tashe shi bayan mai saye ya kai gini linta, kuma dillalin aka fara nema. Kada kafin alƙalami ya bi ta hannunka sai ka ji ta bakin kowane magaji, ka zauna da mai unguwa, ka tambayi maƙwabta iyaka. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, don haka je ma'aikatar filaye ka tabbatar takardar mallaka ta gaske ce, kuma gwamnati ba ta ware wurin don wani aiki ba.

Sannan ka tuna a bakin fadama muke. Filin da ya burge ka a watan Maris, koma ka gan shi a Agusta. Ambaliyar 2020 ba ta yi nisa ba. In ruwa na kwanciya a wurin, faɗa wa mai saye tun bai tambaya ba, ko da cinikin zai ɓaci.

Kada ka ɗora kuɗi a ɓoye kan farashin mai fili. A rubuta komai gaban shaidu, har da la'adarka. In ka samu cinikin farko, ɗana, kawo min takardun mu duba tare kafin kowa ya sa hannu. Allah Ya yi maka albarka.