Amsoshin Tambayoyinku: Ta Ina Ake Fara Tsara Shafin Intanet?

Wani mai sauraronmu daga Gwaram yana tambaya: wanda zai tsara wa ƙungiyar manoma shafin intanet, da launi zai fara ko da hotuna? To malam, da mai karatu ake farawa. Manomin da zai buɗe shafin ƙaramar waya ce a hannunsa, ga hasken rana, ga sabis yana ɗaukewa, data kuma da kuɗi ya saya. Don haka farashin taki da ranar taro su zo a sama, da manyan baƙaƙe, cikin rubutun da ke fitar da ƙ, ɗ da ɓ daidai. Game da launi kuwa, ƙa'idojin da W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar a 2008 sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1, saboda masu raunin gani.

Wani zai ce ai ado ke jan ido. Haka ne, amma a dubi zanen shanun Dutsen Habude a Birnin Kudu: layuka kaɗan ne, duk da haka ba mai kasa gane saniya. Hoto mai nauyi kuwa yakan hana shafi buɗewa gaba ɗaya. Kafin a saki shafin, a miƙa wa manoma wayar su gwada, a lura da inda suka cije, a gyara wurin.