Noma da Dashen Itatuwa a Kan Tsaunuka

Duk mai noma a gangaren dutse ya san yadda ruwan damina yake yi da ƙasar da aka sare wa itatuwa. Ruwa yakan kwashe ƙasar sama mai albarka ya zuba ta cikin rafi, ya bar manomi da tsakuwa da kwazazzabo. Wannan damuwa ce babba a Tsaunin Mambila na Jihar Taraba, da tuddan Jos, da Obudu ta Jihar Kuros Riba. Saboda haka ne hukuma take ƙarfafa haɗa noma da dashen itatuwa a fili guda.

Asalin Tsarin

Sunan wannan tsari taungya, kalmar mutanen Bama ce, wato Myanmar ta yau, ma'anarta noman tudu. A can aka soma shi wajen 1856, kuma ya iso Nijeriya a 1927, a gandun dajin Sapoba da ke Jihar Edo ta yanzu.

Yadda Ake Yinsa

Malamin daji yakan yanka wa manomi fili a cikin gandun dajin hukuma. Manomi ya share, ya shuka masara ko wake, a kuma dasa 'ya'yan itatuwa jeri-jeri a tsakanin shukar. Noman da zai yi wa hatsinsa shi ne zai raya dashen. Bayan shekara biyu ko uku, inuwa ta rufe fili, sai a ba shi wani. Amfanin gona nasa ne, itatuwa na hukuma.

A nan ne tsarin yake da rauni. Wanda ba shi da rabo a itace ba ya ƙwazon kula da shi, wani ma har ya illata dashe don kada a tashe shi. Shi ya sa yanzu aka fi son kowa ya dasa a gonarsa, itacen ya zama mallakarsa da ta magadansa.

Abin da Za a Kiyaye

1. A yi kunya da jerin itatuwa a gicciye da gangare, don su tare gudun ruwa.

2. Itacen zaiti yana saurin girma, yana ba da katako da makamashi, amma yana shan ruwa ƙwarai. Kada a dasa shi a bakin idon ruwa ko a tsakiyar hatsi.

3. Magimfa, wadda manoman Mambila suka daɗe suna shukawa a saura, tana mayar wa ƙasa ƙarfinta. A riƙe wannan al'ada.

4. A share iyakar dashe kafin rani saboda gobara, a kuma daidaita da makiyaya a kan burtali.

Gandayen daji suna hannun gwamnatocin jihohi. Bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuwa, ƙaramar hukuma ce take ba da iznin riƙe gona a karkara. Mai son fili ko irin dashe sai ya tuntuɓi ofishin gandun daji na yankinsa tun kafin faɗuwar damina.